Baƙin da Kawu Ya Sauke a Gidajenmu

Ina tsakiyar aji a Yendi wayar ta shigo. Mma ce, matar Kawu, wadda ta raine ni tun bayan rasuwar mahaifiyata. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Ki taho gida, Kawunki ya cika." Na ce to, kamar aike ta yi mini. Na ajiye alli, na gaya wa shugaban makaranta, na nufi tasha. Sai da mota ta wuce Bimbila na tuna ko salati ban yi ba. Na yi shi a nan cikin mota, da ƙarfi, wata mata da ban sani ba ta kama hannuna ta riƙe har muka shiga Salaga.

Na tarar gidan ya cika. Maza a ƙofar gida a kan tabarmi, mata a tsakar gida har bakin madafa. Dattawan zongo suna ta faɗin abin da aka saba faɗi: mutumin kirki ne, bai taɓa cutar kowa a cinikin doya ba, sahun gaba ba ya wuce shi. Duk gaskiya ne, amma ko wa ya mutu haka za su ce. Wadda ta karya mini zuciya ita ce mai kifin nan ta Makango, wadda ta yi shekaru tana kawo wa gidanmu busasshen kifi. Ta zauna dirshan kusa da randa, kwandonta a karkace, tana ta maimaitawa da irin Hausarta, "Yanzu wa zai tambaye ni baƙona? Baba ya tafi ya bar ni da baƙo." Wata amaryar maƙwabta da ba ta daɗe da zuwa garin ba ta raɗa mini, wane baƙo kuma, ko matar ta zautu ne? Na ce mata lafiyarta ƙalau. Rabin mutanen da ke gidan nan kowa yana da baƙon da Kawu ya bar masa, har da ni.

Zan zo kan baƙin. Bari in fara da wadda ba ta cikin taron, don saboda ita nake wannan rubutu.

Yaya ce, 'yar Kawu ta fari. Tana aure a Bawku, mijinta ɗan kasuwar albasa ne. An kira ta tun da safe, amma fitowa daga Bawku a 'yan shekarun nan ba hawa mota ba ne kawai. Akwai dokar hana fita, kuma sau da yawa motoci ba sa kama hanyar Bolga sai an tara su an ba su rakiya. A ranar kuwa, rakiyar safe ta riga ta wuce. Wasu ƙannen Kawu suka ce a jira ta zuwa gobe, liman ya ce ba a ajiye gawa don wani. Ni aka ba wayar in gaya mata. Na shiga ɗakin Mma na rufe ƙofa, na ce, "Yaya, bayan la'asar za a kai shi." Can ta ce, "Ku rufe shi, kada ku jira ni. Da ransa ma bai taɓa kallon inda nake ba, balle yanzu." Ta kashe wayar. Wallahi maganar nan ta fi mutuwar kanta yi mini ciwo, don na san ba haka ba ne, kuma mutumin da zai ƙaryata ta yana kwance a ɗakin kusa an lulluɓe shi.

Gidanmu tsohon gida ne. Kakanninmu sun zo daga ƙasar Hausa da jakuna neman goro, suka zauna a Salaga suka zama masu masaukin fatake. Goro ya ja baya, aka koma doya da hatsi, amma al'adun da suka zo da su Kawu bai saki ko ɗaya ba. Cikinsu har da kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna damuwa da shi a gaban mutane. Sauran gidajen zongo sun daɗe da sassauta wannan, wasu ma ba su san da ita ba. Kawu kuwa ya riƙe ta har ya wuce gona da iri, kuma na sha faɗa masa haka. Kakarmu ce ta raini Yaya. Ni 'yar ƙanwarsa, yakan ɗora ni a cinya ya ɓare mini gyaɗa, Yaya tana tsaye daga nesa tana kallo. Da aka kai ta Bawku sai ya samo mata suna, "mutanen Bawku". Idan ta bugo wa Mma waya, tashi yake ya fita. Idan an gama ya dawo ya zauna, ya yi gyaran murya, ya jira ko Mma za ta ba da labari da kanta. Idan ba ta bayar ba, ba zai tambaya ba.

Turancinsa kuwa a Yendi ya samo asali, tun ina kwalejin horon malamai. Lokacin an yi wata fitina a garin, aka sa dokar hana fita. Kawu yana hanya da lorin doya, lorin ta lalace a bayan gari, ya taka da ƙafa ya shigo magariba ta kawo kai. Ya ga gari tsit, ya ga takardu manne a bango, ya wuce su, don shi ajami ya sani, rubutun boko a wurinsa zane ne kawai. Wasu masu kaki suka tare shi suka sa shi durƙusa a kan tsakuwa. Ba su taɓa shi ba. Sai dai ɗaya daga cikinsu, yaro sa'an ɗansa, ya nuna masa takardar bango ya ce, "Tsoho, ba ka da ido ne?" A nan ya durƙusa har mai masaukinsa ya ji labari ya zo ya karɓe shi. Da ya dawo Salaga bai ba kowa labarin ba sai Mma. Da na zo hutu ya kira ni zaure, ya shimfiɗa wata tsohuwar jarida da aka ƙunshe ƙosai a ciki, duk mai ya ɓata ta, ya ce, "Ke 'yar boko, zo ki nuna mini yadda rubutun nan yake tafiya."

Ya sha wuya da baƙaƙen. Yana ta mita wai wane irin rubutu ne wannan da ke farawa ta baya. Amma Kawu idan ya sa kansa abu sai dai a ba shi hanya. Kafin in gama kwaleji yana iya haɗa kanun labarai da kansa, yatsa a kan layi, leɓe yana motsi. Direbobin da ke zuwa daga Kumasi su haye ruwa ta Yeji zuwa Makango suka san halinsa, kowa ya riƙa ajiye masa jaridar da ya tsinta, ko ta kwana nawa ce. Har masu ƙosai sun san kada su yaga shafin farko.

Da na fara aiki na sayo masa ƙamus, ina ta murna na yi abin kirki. Ya auna shi a tafin hannu kamar doya, ya buɗe, ya rufe. Ya ce, "Wannan gidan haya ne. Kowace kalma tana ɗakinta, ba wadda ta san maƙwabciyarta." Ya tokare taga da shi. Na yi fushi sosai, na kwana biyu ban gaishe shi da kyau ba, shi ko a jikinsa.

Tasa hanyar ita ce ta kakanninsa. A da, idan baƙo ya shigo Salaga da kaya, ba ya kwana a kasuwa. Mai masauki ne zai ba shi ruwa, ya tambaye shi daga ina, da su wa ya zo, me ya ɗauko, sannan ya ba shi ɗaki, kuma daga ranar duk abin da ya shafi baƙon shi za a tambaya. Haka Kawu ya riƙa yi wa kalmomin jarida. Bayan ya sha koko zai zauna a benci gaban rumfar doyarsa, ya bi shafi har ya ci karo da wadda bai sani ba. Sai ya ce, "Ga baƙuwa." Ba ya gaggawar neman fassara. Zai duba a wane labari ta zo, su wa ke gabanta, su wa ke bayanta. Yakan ce kalmar jarida ba ta tafiya ita kaɗai, da ayarinta take zuwa: inda ka ga kilash, wato arangama, to ka shirya, kazuwalti na biye, kafiyu kuma tana hanya. Sai ya ga kalma ta zo sau biyu ko uku ya yi hasashen abin da take ɗauke da shi, sannan ya tambaye ni, ko wani malamin makaranta da ya zo wucewa, don ya ji ko ya canka daidai. Idan ya canka, ranar har goro yake rabawa.

Bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. A cikin mutane yake ajiye su. Idan ya gama da kalma sai ya ɗaga kai ya ga wa ke kusa, ya ce, "Zo nan, ga baƙuwa, ka sauke ta." Ya faɗa maka ita da ma'anarta har sai bakinka ya kama. Daga ranar kai ne mai masaukinta. Duk sanda ka zo wucewa, bayan gaisuwa zai ce, "Ina baƙuwarka?" Kai kuma ka faɗe ta, ka faɗi kayan da take ɗauke da su. Idan ka manta, ka shiga uku, don a gaban jama'a zai ce ga mutumin da aka ba baƙo ya bar shi ya kwana waje. Idan shi ya manta, ba ya jin kunya, aike yake a kira masa mai ita.

Kuma yana duba hali kafin ya raba. Mahaucin unguwarmu, wanda ba ya kwana uku bai yi faɗa da wani ba, shi aka ba kilash. Telan da ke kallon rumfarsa, mai raba dare yana taka keke, aka ba shi kafiyu, wato dokar hana fita. Direban lorinsa ya samu eskot, wato rakiyar da ake yi wa motoci. Mma ya ba ta kazuwalti, waɗanda suka mutu ko suka ji rauni. Ta ce ita ba ta son wannan baƙin baƙon a ɗakinta. Ya ce, "Ke ce mai ƙarfin zuciya a gidan nan, wa zan ba?" Ni kuma ya ba ni riniyu, wato an sabunta, an ƙara wa doka wa'adi. Na ce, "Kawu, ni fa na san wannan tun ina sakandare." Ya ce, "Ban ce ki sani ba, cewa na yi ki sauke ta."

Abin dariya, abin tausayi, Turancin Kawu duk na masifa ne. Bai san sunan cokali da Turanci ba. Da ya kwanta asibiti a Tamale bai iya ce wa nas ta ba shi ruwa ba, sai da hannu. Amma ya san kalmar gudun hijira, ya san ta kwanton ɓauna, ya san bambancin wanda aka kama da wanda aka gurfanar. Na taɓa ce masa ya riƙa karanta shafin ƙwallo ko na aure, ya huta. Ya ce su waɗannan ba su da kowa nasa a ciki.

Mai kifin Makango alejid ya ba ta, wato ana zargi, ba a tabbatar ba. Ta riƙe ta shekaru ba ta san amfaninta ba, sai dai ta faɗa a yi dariya ta wuce. Sai ga shi an kama ɗanta da wasu samari kan injin kwalekwale da ya ɓace, har wata jarida ta buga. Unguwa ta ɗauka, ɗan mai kifi ɓarawo ne. Mata suka daina sayen kifinta, ta daina shigowa gari. Kawu ya sa aka nemo jaridar, ya bi ta da yatsa, ya hau mota da kansa har Makango. Ya same ta a bakin ruwa ya ce, "Ina baƙuwarki?" Ta ce, "Baba, yau ba ranar wasa ba." Ya ce, "Ba wasa na zo ba. Ga ta nan a gaban sunan ɗanki. Su kansu masu jaridar ba su ce ya yi ba, cewa suka yi wai." Ya dawo da ita Salaga a motar da ya je da ita, ya zaunar da ita a bencinsa da kwandonta, duk wanda ya zo wucewa ya nuna masa wurin da yatsa. Daga baya aka saki yaron. Ko da ba a sake shi ba, Kawu ya riga ya sayi kifin ranar gaba ɗaya, mun yi mako muna cin miyar kifi.

Mu na gida mun san abin da yake nema a jaridun nan. Da farko har labarin farashi da na zaɓe yana bi. Amma tun da al'amuran Bawku suka sake rikicewa, idan jarida ta zo hannunsa sunan garin yake fara nema, shafi bayan shafi. Idan babu, ya ninke ta ya ba mai ƙosai. Rediyon Hausa na ƙasashen waje ba sa tunawa da Bawku sai an yi gawa da yawa, Yaya kuma idan ta bugo wa Mma ba abin da take cewa sai lafiya lau. Jarida ce ke faɗin unguwa, ta faɗi hanya, ta faɗi ƙarfe nawa za a shige gida. Mutumin da ba zai iya buɗe baki ya ce yaya 'yata take ba, ya koyi harshen wasu da furfura a kansa don ya ji da kansa.

Faɗan Kawu da Yaya ya faru ne a zuwanta na ƙarshe. Ta zo bikin suna, ta shigo ɗakin Mma muna zaune, Kawu ya zo bakin ƙofa da jarida a hannu. Bai kalle ta ba. Bango ya kalla ya ce wa Mma, "A gaya wa mutanen Bawku su kwaso yara su dawo gida. Abin nan ba mai ƙarewa ba ne." Yaya ta ce, "Baba, ga ni a gabanka. Ka gaya mini da bakinka." Bai juyo ba. Ta ce, "Ka kira sunana sau ɗaya ka ce in dawo, wallahi gobe zan je in kwaso su." Ya tsaya, ya tsaya, sai ya juya ya fita. Washegari da sassafe ta tafi. Tun daga nan ba ta sake taka Salaga ba, gaisuwa ma sai ta bakin Mma. Na bi shi rumfa ranar na ce, "Kawu, me zai ci ka idan ka kira sunanta? Wace aya ce ta hana?" Ya ce, "Ke, tashi ki ba ni wuri." Ban taɓa jin haushinsa kamar ranar ba, kuma har yau da na tuna sai in ji shi sabo.

A shekarunsa na ƙarshe ido ya yi rauni, jarida ma ta yi wuyar samu, sai dai a karanta masa a waya. Duk hutun da na zo aikina ke nan. Wata safiya na karanta masa labarin wani gari can dabam da aka ɗage wa dokar hana fita. Kafin in fassara ya riga ni, ya faɗi kalmar ɗagewar da Turanci, a hankali, yana murmushi. Ya ce tun zamanin Yendi ya san ta. Na ce, "To wa ke sauke da ita? Ban taɓa jin ka tambayi kowa ita ba." Ya ce, "Wannan ba ta 'yan Salaga ba ce." Ya murza carbi. Can ya ce, "Ranar da kika gan ta kusa da sunan garin can, ki gaya mini. Da ƙafata zan hau mota in kai ta inda za ta sauka." Na ce, "Kawu, ga waya a hannuna, in kira Yaya yanzu?" Ya ce, "Ba a zuwa wa mutum hannu rabbana." Ya sa ni in ci gaba da karatu. Labarin da ke biye na Bawku ne, kuma baƙuwata riniyu ce a ciki, an sake sabunta dokar.

Yaya ta iso washegarin jana'iza da yamma, ta Bolga da Tamale, ƙafafunta a kumbure. Ta gaishe da Mma, ta karɓi gaisuwa, ko ɗigon hawaye babu. Na so in yi mata magana, ta ce ta gaji. Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a maza sun fara watsewa, muna tsakar gida ana rabon abinci, mai kifi ta sake ɗauko kukanta na baƙo. Telan ya leƙo daga zaure zai yi wa Mma sallama, ya ce shi ma da safe ya buɗe shago ya kalli bencin, bakinsa ya faɗi kafiyu shi kaɗai ba wanda ya tambaye shi. Mahauci na bayansa ya faɗi tasa. Mata suka ɗauka, wannan ta faɗi tata, waccan ta faɗi tata, ana kuka ana dariya. Yaya tana zaune ta jingina da bango tana kallonsu. Da suka lafa ta ce, ba da ƙarfi ba, "Har mai kifi ya ba. Ni ko ɗaya bai ba ni ba."

Mma ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta ce wa telan, "Kai, taka a labarin wane gari ya samo ta?" Ya ce, "Ranar da ya ba ni dai, labarin Bawku yake karantawa." Ta tambayi mahauci. Bawku. Direba ya ce tasa ta hanyar Bawku zuwa Bolga ce, har Kawu ya sa shi ya kwatanta masa inda motoci ke taruwa. Mai kifi ta share hanci ta ce, "Nawa ma Bawku ne. Baba ya ce wai an ce an ƙone shaguna, amma alejid ne, kada Mma ya ji ya tashi hankali." Mma ta juya ta kalli Yaya. Ta ce, "Ni kuma ya ba ni ta gawa. Duk ranar da ya gan ta a jarida ba ya cin abinci sai kin bugo waya na ce masa muryarki na ji. Ba ya tambaya. Zama yake a bakin ƙofar can har in faɗa."

Yaya ta dubi bakin ƙofar. Ta daɗe tana dubansa. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kukan da ba ta yi ba tun daga Bawku ya zo mata gaba ɗaya. Ba wanda ya ba ta haƙuri. Mma ta ce a bar ta.

Washegari da hantsi na raka ta tasha, don dole ta kwana Bolga ta samu rakiyar safe. Muna jiran mota ta cika na ba ta labarin kalmar da ya hana kowa, da abin da ya ce zai yi da ita. Na ce, "Taki ce, Yaya. Bari in faɗa miki ita." Ta ɗora hannu a bakina. Ta ce, "A'a. Wataƙila ma na san ta, ai muna jin rediyo. Amma ba a ɗage ba tukuna. Ki riƙe. Ranar da aka ɗage, ki hau mota ki kawo mini har gida, yadda ya ce zai yi." Na ce to. Shi ya sa ko a nan ban rubuta ta ba.

Kawu, ka yi taurin kai, kuma na gaya maka tun kana ji. Allah ya yafe maka shirun da ka yi, ya karɓe ka yadda ka karɓi baƙi, ya ba ka masaukin da ba a tsare kowa a hanyarsa. Mu da ka bari, ya ba mu bakin kiran 'ya'yanmu da sunansu tun muna da rai.

Na koma Yendi, na koma aji. Kowace safiya kafin in ɗauki alli sai na buɗe waya na nemi sunan garin, shafi bayan shafi, har da yatsa nake bi ban sani ba. Yau ma na duba. Baƙuwata ce na gani, ba ta Yaya ba.